Rabin Rimi a Bayan Motar Alhaji Bawa

Mutanen Yelwa sun faɗi nasu a kan hannuna har sun gaji. Wasu sun ce sammu ne. Wasu sun ce iskokin kogi ne da aka tayar daga gidajensu, suka rasa wanda za su huce a kansa sai ni. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ma cewa ta yi alhakin zane-zanen da nake yi ne ya kama ni. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ne Tanko mai fenti, ni na kwanta, ni na tashi, kuma yau zan faɗi nawa don masu sana'a irin tawa su ji. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya sha ruwa, ga shi nan an tara mana tafki guda.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina fentin motoci kafin abin ya same ni. Rumfata tana bayan tasha. In an kawo mini babbar mota mai bodin katako, da wanka nake farawa, in kankare tsohon fenti, in bi da samfefa har tafin hannu ya riƙa zamewa a jikinta. In cike ramuka da foti, in sake gogewa. Daga nan sai jan fenti na ƙasa mai hana ƙarfe tsatsa, a bar shi kwana biyu ya sha iska. Sannan launi da famfon feshi, hawa uku, kuma ba a ɗora wani sai na ƙarƙashinsa ya bushe ƙayau. Wannan duk mai haƙuri zai iya. Abin da ya sa ake tsallake wasu a zo wurina shi ne aikin ƙarshe, wato rubutu da zane a ƙofar baya, da ɗan siririn buroshi.

Maigidana da ya koya mini aiki a Kwantagora, Allah ya jiƙansa, shi ya ce mini bakin buroshi ba ya tsini sai da yawun mai shi. Ka tsoma a fenti, ka ja layi, in gashin ya buɗe ka goge a tsumma, ka sa a leɓe ka murza, ya fito kamar bakin allura. Sau nawa nake yin haka a yini? Ban taɓa ƙirgawa ba. Har alfahari nake yi wai ina gane fenti mai kyau daga ɗanɗanonsa, don ja da fari har wani zaƙi-zaƙi suke yi. Muna kuma da rigakafinmu na masu fenti: gwangwanin madara ɗaya ranar Juma'a, wai yana wanke ciki. Maigidan nan nawa da ciwon ciki ya rasu, hannunsa na rawa. Muka ce tsufa ne.

Shekarar da aka toshe kogi a Kainji ruwa ya hau, abu biyu suka zo mini tare. Na farko, aikin dam ya ƙare, aka yi gwanjon tsofaffin motoci, 'yan kasuwarmu suka saye, kowa yana son tasa ta fito amarya. Jan fentin da ke jikin motocin nan kaurinsa kamar ƙanzon tukunya, sai ka yini kana kankara. Na biyu kuwa ƙwari ne. Tun da ruwa ya kwanta, wasu ƙananan ƙwari suka riƙa tasowa daga tafki, in suka sauka a ɗanyen fenti sai mota ta zama kamar an barbaɗa mata riɗi. Sau biyu ina sake aiki daga farko. Na ce ni da ƙwari mu zuba mu gani. Na rufe rumfata da zana da tamfol ta ko'ina, ko kafar iska ban bari ba. A ciki nake kankara, a ciki nake feshi, a ciki nake cin tuwona da goro. In na fito da la'asar na fyace hanci, ja nake gani. Amma ƙwaro ko ɗaya bai ƙara taɓa mini fenti ba, ni a ganina na yi dabara.

Ana cikin haka Alhaji Bawa ya kawo tasa motar. Shi mutumin gungu ne, wato ɗaya daga tsibiran nan da ruwa ya shanye, kuma gungunsu ɗaya da matata Ige. Ya zaɓi kore. Da muka zo maganar ƙofar baya sai ya ce, "Tanko, ba ni son zaki, ba ni son jirgin sama. Gungunmu nika so. Ka san rimin nan na bakin mashaya, inda muka ɗaure jirage?"

Na ce, "Alhaji, ƙarƙashinai na yi zance shekara biyu kahin a ba ni Ige. Ko reshe guda ban mance ba."

Ya ce, "To, shi za ka yi min. Ruwa ya ci shi, amma ina son shi bi hanya, kowa shi gan shi."

Babu wanda ke da hoton wannan rimi. Yana cikin kan waɗanda suka zauna a inuwarsa ne kawai, kuma cikin masu riƙe buroshi a ƙasar Yawuri ni kaɗai na taɓa ganinsa. Ranar da na gaya wa Ige, ta bar tuwo ya kama a tukunya.

A makon da na fara kankare motar cikina ya ɗaure. Kwana biyar ban zaga ba, bakina kuma kullum kamar na tsotsi kwabo. Mako na biyu murɗa ta zo, ƙasan cibiya, irin wadda sai na kifa cikina a kan durom na danna sannan in sami numfashi. Na je wani ɗakin shan magani, na yanki katin sisi, malamin ya dube ni daga bayan teburinsa ya ce tsutsa ce. Ya ba ni maganin tsutsa da na wankin ciki. Tsutsar dai ba ta fito ba, don ba ta nan. Mako na uku kaina ya riƙa sara, zuciyata ta zama kusa. Ige ta ce abinci ya huce, na yi mata faɗan da har yau in na tuna kunya ke kama ni. Inna ta aiko da jiƙo daga gida, na sha. Na ƙara madara ta zama gwangwani biyu. Aiki kuwa ban fasa ba, mota ta sha kore hawa uku ta bushe, tana ƙyalli.

Mako na huɗu na hau zane. Na yi ruwa, na yi jirage uku a ɗaure, na tayar da gindin rimi da saiwoyinsa masu kama da bango, na gama rassan hagu. Ranar Laraba da hantsi, na ɗaga hannu zan ja reshen farko na dama, sai buroshi ya faɗi. Na duƙa na ɗauka, ya sake faɗuwa. Na dubi hannuna na dama, na gan shi yana lilo daga wuyan hannu kamar kan kazar da aka yanka. Na ce masa tashi, ya ƙi. Babu zafi ko kaɗan, kuma rashin zafin nan ya fi komai ba ni tsoro.

Kwana biyu sai ga yayana Manu daga ƙauyenmu na wajen Ngaski. Manu mutumin kirki ne, amma tun ranar da na bar fartanya na ɗauki buroshi yake jiran ranar da zai ce ai ya faɗa. Ya ɗaga hannun, ya sake shi, ya faɗi. Ya ce, "Wanga ba ciwon asibiti na ba. Aiki na anka yi ma. Wa ka ƙaruwa in hannunka ya mutu, in ba Jatau ba?"

Jatau shi ne ɗaya mai fentin, mutumin Zuru, Kirista, rumfarsa tana ƙofar tasha. Shekara bakwai muna kishin sana'a muna tsokanar juna, ni in ce zakinsa ya yi kama da akuya, shi ya ce haruffana sun sha burkutu. Manu ya tsare ni da ido ya ce, "Mi kac ci daga hannunai?" Na ce goro, kusan kullum. Ya tafa hannu, shari'a ta ƙare.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na yarda, ko da rabin zuciya ne. Da Jatau ya zo gaishe ni da ƙwai a cikin hula, Manu ya tare shi a zaure ya ce ya koma da abinsa, wanda ya bayar a baya ma ya isa. Ina kwance ina ji, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ban ce uffan ba.

Mako biyu aka yi ana gwada mini abin da kowa ya sani. Wanzami ya kafa ƙaho a kafaɗa, ya yi tsaga goma sha ɗaya a damtse, ya cusa baƙin magani. Aka turara ni da hayaƙi har idona ya yi ja. Zakara biyu suka tafi a banza. Hannu ya kumbura, ya sace, ya koma yadda yake. Murɗar ciki kuwa ta ƙaru, har na fara mance sunan abin da ke gabana. Daga nan Manu ya fito da abin da ke ransa. Ya ce a sayar da famfon feshi da gwangwanayen fenti, in koma gida. "Hannun ga ya mutu, a yi mai ta'aziyya a wuce. Ko mai hannu guda na iya koran tsuntsu a gonar shinkahwa."

Ni Tanko, in koma korar tsuntsu! Na ce masa ko gawata aka kai gonar nan sai ta juya baya.

Alhaji Bawa ma ya zo. Ya yi mini sannu, ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce mota a tsaye hasara ce. Na ce ya ɗauka, amma ina roƙon abu ɗaya, kada wani buroshi ya taɓa ƙofar bayan nan. Ya ce, "Da rabin itace za ni yawo?" Na ce da rabin itace. Ya dubi hannuna, ya dubi ƙasa, ya ce, "Na ba ka har a ɗebe albasa. In ta wuce, kada ka ga laihina." Wata biyar ke nan.

Ige ce ta yanke magana. Mace ce da ba ta da yawan surutu, amma ta girma tana tuƙa jirgi a kan igiyar ruwa, ba a juya ta. Da sassafe ta naɗe famfon feshina a zani, ta ɗora a ka, ta kai shi sabon ƙauyen da aka zaunar da iyayenta, ta tura ƙarƙashin gadon uwarta. Ta sayar da awakinta biyu da tasoshin aurenta. Ta dawo ta durƙusa gaban Manu kamar yadda ya kamata, ta ce, "Yaya, ku yi haƙuri. An yi naku sati biyu. Hannun ga da shi nika ci, gobe asibiti za mu."

Manu ya ce, "Da izinin wa?"

Na ce, "Da nawa." Wannan ce magana ta farko mai hankali da na yi cikin wata biyu.

Asibitin tafiyar yini guda ce a mota, kuma kowane rami a hanya sai da cikina ya gaishe shi. Lokacin yaƙi ne, likitoci sun yi ƙaranci, marasa lafiya kuwa kamar ranar kasuwa. Kwana uku muna layi a gindin bishiya. Mai ba da kati yana yi mana tsawa kamar mun zo satar maganin ne, Allah ya shirye shi. Amma akwai wata dattijuwa mai shara, ban ma san sunanta ba, ita ta riƙa ajiye mana dutse a layi in murɗa ta kayar da ni. Allah ya saka mata da alheri, ko tana raye ko ta riga mu.

Likitan wani dogon mutum ne siriri, ba ya jin Hausa, wani malamin jinya ke fassara. Na miƙa masa hannu, ya ɗan juya shi, ya dubi tsagar wanzami ya girgiza kai. Sai kawai ya kama leɓena ya ɗaga, kamar mai sayen jaki. Na ji haushi, na ce wa malamin ya gaya masa hannu na kawo, ba haƙori ba. Likita ya sa aka kawo madubi. A jikin dasashina, daidai inda ya haɗu da haƙora, ga wani siririn layi shuɗi-baƙi ya bi su reras. Ni da nake ja wa mutane layi, ban san an ja mini nawa ba.

Ya tambayi sana'ata, na faɗa. Ya ce fenti yana shiga bakina? Na ce a'a, ni ba yaro ba ne. Sai na ji muryar Ige daga bayana.

"Maigida, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita, shina lasar buroshi. Ni ka wanke kwanonai na sha, bakin kwanon yau kore, gobe ja. Kuma ya ruhe rumhwa, ko iska ba ta shiga."

Da an ba ni wuƙa a lokacin, da ban san abin da zan yi ba. Likita ya yi magana mai tsawo, malamin ya taƙaita. Kalma ɗaya ce ta zauna mini: dalma. Ita dai dalmar da masunta ke narkawa su yi wa taru nauyi. Ya ce tana cikin jan fenti da fari, na sha ta a ƙura, na lashe ta a buroshi. "Likita ya ce ba wanda ya ba ka guba. Kai ka ba kanka, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru."

Na ce, madarar fa? Da aka fassara, likitan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Na ce, hannun fa? Ya ce ko ya dawo, ko kada ya dawo, ba ya yi mini alkawari. Amma in na sake kai buroshi baki, na hagu ma zai bi ɗan'uwansa.

Wallahi da an ce mini Jatau ne, da ya fi mini sauƙi. Mutum yana iya jin haushin maƙiyi ya ci tuwonsa ya ƙoshi. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ni na ja nawa da bakina, ina alfahari.

Mako uku na yi a gado. Ƙarin ruwa, da wata allura mai zafi kamar an zuba barkono a jijiya. Ige tana dafa mini kunu a kan duwatsu uku a bayan ɗaki, kuɗin awaki yana narkewa. A mako na biyu cikina ya saki, na ci tuwo na nemi ƙari, kaina ya washe. Hannu kuwa ko gezau. Da za a sallame ni aka ce a ɗaure shi a kan katako don kada ya sandare a lanƙwashe, a riƙa motsa shi kullum, kuma in yi nesa da ƙurar fenti.

Surukina, mahaifin Ige, shi ya sassaƙa mini katakon daga karyayyen filafilin jirginsa. Ya ce tun da aka kawo su tudu ba shi da aikin yi da shi. Kowace safiya Ige ta gasa hannun da ruwan ɗumi, ta murza da man kaɗanya, ta ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta zube wake a faifai ta ce in tsince. In na ce na gaji ta ce waken bai gaji ba. Daga nan ta tafi bakin tafki ta sayo kifi ta yi banda, da shi muka ci muka sha duk tsawon jinyar. Ita ce kuma ta je ta yaye zana da tamfol ɗin rumfa, ta kwarara ruwa ta wanke jar ƙurar da ke ƙasa.

Wata na farko babu komai. Wata na biyu babu komai. Na gwada zane da hagu a ƙasa, abin da ya fito ko Jatau ba zai kira shi akuya ba. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuka irin na ƙato wanda ba shi da daɗin ji. Manu ya zo sau biyu yana tambayar inda famfo yake. Na gaya masa maganar dalma, ya ce likitan da bai iya ko sannu ba, ina ya san sammu? A wata na uku, ina tsintar wake, babban yatsa da manuniya suka haɗu suka riƙe ƙwaya ɗaya. Ige ta gani, ba ta yi guɗa ba, ta dai ƙaro wake. A wata na huɗu na tsakiya ya bi su. Wuyan hannu kuwa yana nan a kwance, sai katako ke riƙe da shi.

Duk wannan lokaci motar Alhaji tana yawo da rabin rimi. Labari yana zuwa mini. An ce a kasuwar Wara tsofaffin matan gungu sun kewaye ta, wata ta ce ruwa ya ci garinsu, yanzu kuma an sare musu itacen rabi, wannan ba alamar alheri ba ce. Wasu suka daina hawa motar. Alhaji ya cika alkawarinsa, bai bari an taɓa ba. Amma albasa ta nuna, aka ɗebe ta, buhuna suka cika tasha.

Ranar wata Asabar ya shigo da motar rumfata, Jatau na biye da shi, kansa a ƙasa. Manu ma yana nan, don ya ji labari ya zo ya ga ƙarshen taurin kaina. Jatau bai dube ni ba ya ce, "Tanko, ni ban zo cin aikinka ba. Alhaji ya matsa. Ko itacen ban sani ba. Kai ka hwaɗi, ni in ja."

Me zan ce? Wa'adi ya cika. Na zauna a kan durom, zuciyata na tafasa, na ce reshen farko ya fita daga nan, ya yi ƙasa kamar zai sha ruwa, sannan ya ɗaga. Jatau ya tsoma buroshi, ya ja. Ba laifi, hannunsa na da kyau, yau na faɗa. Gashin ya buɗe. Ya goge a tsumma, ya kai baki.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na kai masa duka da hannun nan na dama, katako da komai, buroshi ya yi tsalle ya faɗa bayan taya. Alhaji ya riƙe ni yana salati, a zatonsa tsohuwar maganar sammu ce ta motsa. Na fizge, na kama leɓen Jatau da hagu na ɗaga. Layin yana nan, shuɗi-baƙi, ya ma fi nawa fitowa.

Na ja shi har gaban madubin motar na ce ya duba. Na ɗaga nawa leɓen kusa da nasa, inda sauran layin ya rage. Na ce, "Cikinka na ɗaurewa?" Ya ce wata biyu ke nan, yana ta shan madara.

Na juya na ce, "Yaya Manu, zo ka ga mai sammu. Halan shi kuma ni na yi mai?" Manu ya zo ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya koma ya zauna bai ce komai ba. A wurin Manu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na ce wa Jatau, "Ranar da kaz zo da ƙwai, ina ciki, na ji komi, na yi shiru. Ka gahwarta min." Ya shafa kumatunsa inda katako ya same shi ya ce, "Wancan na yahe tuni. Wanga marin na dai sai na yi shawara." Ranar Litinin Ige ta raka shi da matarsa tasha za su asibiti, ta gaya musu ƙofar da za su bi da dutsen da za su ajiye a layi.

Ni kuwa tun a ranar Asabar ɗin na ce wa Alhaji ya ba ni kwana goma. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce hannun da ya iya mari zai iya reshe. Ige ta soka buroshi tsakanin yatsuna uku, ta ɗaure shi da zare a jikin katako. Tun da wuyan hannu ba ya juyawa, daga gwiwar hannu na riƙa ja, jikina duka yana bin layi. In gashi ya buɗe, in murza shi a kan fasasshen gilashi da ɗigon kananzir. Ya yi tsini sarai. Ashe shekara goma sha ɗaya ina cin guba a kan abin da gilashin banza ke yi. Duk da haka sau da yawa hannu yakan kama hanyar baki da kansa, don sabo. Ige tana zaune a gefe da ludayi, kuma ba ta jin nauyin amfani da shi.

Ƙwari sun zo, rumfa a buɗe. Na bar su. Wanda ya maƙale na cire shi da tsinke in fenti ya bushe, na shafe gurbin. Aikin yini ɗaya ya ci mini kwana tara. Rassan dama sun fi na hagu kauri, kuma duk wanda ya matso zai ga inda hannu ya yi rawa.

Alhaji ya ɗauko surukina da wasu tsofaffi uku na gungu a gaban mota ya kawo su. Suka tsaya a bayanta. Ni ina gefe, gabana yana faɗuwa fiye da ranar da na je neman aure. Surukina ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wani wuri da sandarsa ya ce, "Ina guntun reshen da muka rataya taru?" Na mance shi, ni da na ce ko ɗaya ban mance ba. Aka ɗaura mini buroshi, na ja shi a gabansu, ɗan gajere, mai lanƙwasa. Tsoho ya matso, ya cire hularsa, ya tsuguna a ƙasa daidai ƙarƙashin zanen, inda inuwa za ta kasance. Sauran ukun suka tsuguna kusa da shi. Ige ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Jatau ya dawo da hannuwansa biyu lafiya, don an tari nasa da wuri. Har yanzu zakinsa akuya ne. Manu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, amma da kaka ya aiko mini da buhun shinkafa, bai kuma ƙara tambayar famfo ba. Na gode wa Allah, na gode wa likitan da ya duba ni kamar jaki, na gode wa Ige, wadda ba ni da bakin gode mata.

Ku kuma 'yan'uwana masu fenti, daga Yelwa har Shanga, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku buɗe rumfa, ƙwaro ba ya kashe mota. Ku jiƙa samfefa kafin ku goge jan fenti. Ku wanke hannu kafin goro. Madara ku ba 'ya'yanku. Na san wasunku na dariya, suna cewa Tanko ya tsufa ya zama mai wa'azi, kuma layin yawu ya fi na gilashi. Ku yi ta yi.

Wuyan hannuna ya tashi bayan shekara guda, na rataye katakon a bakin rumfa. Yatsu biyu na ƙarshe ba su tashi ba har yau, kuma na daina jiransu. Ukun da suka rage da su na rubuta wannan. Sun ishe ni riƙe buroshi, sun kuma ishe ni marin duk wanda na kama da shi a baki. Wanda ke shakka ya je ƙofar tasha ya tambayi Jatau.